Doki Nawa Kake So?

Na gama gini a bayan Ƙofar Ƙaura,
tayil ya kwanta, fenti ya bushe,
sai Lantana ta ce saura abu guda:
injin nan da ake ɗaurawa ƙarƙashin famfon kicin,
ya tauna ragowar abinci, ruwa ya kora.
A gidan yayarta ta gan shi,
tun ranar ba ta ƙara duban bokitin shara da mutunci ba.

Shagon Tasi'u na tsakiyar kasuwa.
Ya sauko da kwali uku, ya jera a kan benci,
ya ce, "Malam, doki nawa kake so?"
Na ce ni ban zo kara ba.
Ya yi dariya har ya dafe ciki.
"Da doki ake auna ƙarfin inji.

Wannan rabin doki ne.
Na ango da amarya, masu tukunya 'yar ƙarama.
Zai sha miyar kuka, ya lashe shinkafa,
amma ranar da ƙashin kaza ya faɗa masa
zai yi gurnani, ya sume,
ka kwana kana zungurarsa da muciya.

Wancan na ƙarshe doki guda ne cur,
bai san ƙashi ba, bai san ɓawo ba,
sai dai cikinsa ya fi bakinsa faɗi.
Da me kake haska gida?"
Na ce da sola, faranti huɗu.
Ya ce, "To, in ya tashi, fanka za ta tsaya,
firji ya yi shiru kamar mai jin gulma."

Na tsaya ina ƙirga bakunan gidana.
Mu biyu, yara huɗu,
Haladu ɗan ƙanena da ba ya barin ƙanzo,
da baƙin Juma'a, su ba a ƙirga su.
Na tuna ɓawon albasa, da zaren rama,
da yauƙin kuɓewa, da ƙayar kifi,
na tuna kuɗin jarka a hannun mai garuwa,
don injin ba ya haɗiya sai an ba shi ruwa.
Wanda ya sayi takalmin da ya fi ƙafarsa
shi da mai matsattse duk ɗingishi suke.

Na nuna na tsakiya.
Kashi uku cikin huɗu na doki.
Na ce, "Wane doki ne wannan, mai ƙafa uku?"
Tasi'u ya ce, "Shi ne ba ya ka da mai shi."

Ranar da aka ɗaura, Inna Tabawa ta zo daga Ajiwa.
Ta saurari rurin injin, ta leƙa ramin,
ta ga ɓawon kankana yana shigewa duhu.
Ta riƙe haɓa.
"Mi wagga dabba ka ba ku in ta ƙoshi?
Nono, ko taki, ko ɗa?"
Babu wanda ya amsa.
Lantana ta kashe famfo.

Bayan kwana tara sai ga akuya a bayan a-kori-kura,
ja, mai farin goshi, da igiya a wuya,
da saƙon Inna: ba ta shan wuta.

Yanzu an raba gado.
Ɓawo da dusa da ganye na Jar Inna ne,
tsakin tuwo na kaji,
abin da ya maƙale a gindin faranti
shi ne rabon mai ƙafa uku,
kuma yana cinyewa ba gardama.

Jiya da dare hadari ya hana batir cika,
gidan ya yi duhu, injin ya yi barci.
Ina kwance ina jin ta ta taga
tana tuƙa a hankali, a hankali,
ban san ko doki nawa ba ce.